A Saman Bas Na Ƙarasa Littafina

Saƙon ya shigo ina saman bas mai hawa biyu a Wilmslow Road, nan Manchester, zan tafi uni, wato jami'a. Masu shirin marubutan da na nema sun ɗauke ni! Wata guda cur a wani gida a unguwar Handsworth, can wani gari, mu huɗu, duk baƙaƙen mata masu rubuta labari. Ɗaki kyauta, abinci kyauta, ke dai ki yi rubutu. Ihun da na kurma sai da wani tsoho a gabana ya dafe ƙirji. Nan take na kira ƙanwar mamata da ke unguwar Gorton.

"Anti, sun ɗauke ni!"

"Alhamdulillahi. Wato danne-dannen wayar nan da kika ƙona mini shinkafa a kai, dama aiki ne?"

Gaskiyarta fa. Babi goma sha ɗaya na littafina, duk da manyan yatsuna biyu na buga su a waya, a cikin bas, tsakanin unguwar Rusholme da uni. Saura na ƙarshe, kuma shi na yi alkawarin karantawa a gaban jama'a ranar rufewa.

Kai, ɗakin ya haɗu! Ga tebur, ga taga tana kallon lambu, ga shiru kamar an ɗauke wuta. Na ce to, yau na zama babbar marubuciya. Na cusa waya a ƙasan akwati, kada a ce sun kwaso 'yar hira, na buɗe kwamfuta, na gyara zama.

Kwana shida ko layi ɗaya. Na goge teburin, na juya kujera, na cinye dambun naman da Anti ta ƙullo mini tas. Ta bango ina jin ta kusa da ni tana ta ƙwas-ƙwas-ƙwas, ni kuwa zuru.

A cikinmu akwai wata dattijuwa, iyayenta 'yan Jamaika, a unguwar aka haife ta. Mama nake ce mata, tana jin daɗin sunan. Rana ta bakwai ta ritsa ni a kicin ina haɗa shayi na uku.

"'Yata, ɗakinki shiru ya yi yawa. Shafi nawa?"

Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, har wayar da ke akwati. Ta yi dariya har da riƙe firji.

"Ni littafina na farko a tsaye na rubuta shi, kan teburin guga. Wa ya ce miki kujera ce ke rubutu? Akwai bas da ke zagaye garin nan kaf ya dawo inda kika hau. Ɗauko wayarki, bar mana gida."

Na hau, na haye sama, kujerar gaba. Wasu 'yan makaranta suna musun ƙwallo, wata tana faɗa da mijinta a waya, ana ta ƙamshin soyayyen dankali. Wallahi kafin mu wuce tasha uku yatsuna sun kama wuta. Zagaye biyu na yi ranar, caji ne ya sauke ni. Kullum haka, in dawo kafin la'asar, Mama ta leƙo ta ce, "Ya ofis?"

Ranar rufewa kowa ta fito da takardunta fes-fes. Ni na miƙe da wayata mai fasasshen gilashi, na karanta babin har ƙarshe. Anti ta biyo jirgin ƙasa tun daga Manchester, tana layin gaba, ita ta fara tafi tun ban rufe baki ba. Mama ta kamo manyan yatsuna ta ɗaga su sama kamar na ci dambe.

A jirgi muna komawa, na zaro waya. Anti ta harare ni, sai kuma ta gyara mayafi.

"Danna abinki, 'yar nan. Shinkafa ni zan riƙa dubawa."