Tabkin da Kaka ta kai bayan Bonkuku

Kowa a gidanmu ya ɗauka Betasda wani tabki ne bayan Bonkuku. Ba haka ba ne. Kaka Hajo ce ta kai shi can a labarinta, don yaran Filinge ba su san wani wuri da ya fi nan nisa ba.

Lokacin sanyi takan hura wuta da karan hatsi bayan isha'i, mu kewaye ta. Wannan labarin ba ta buɗe shi da gatanan, ta ce ba tatsuniya ba ce. Wata Kirista da suka kwanta ɗaki ɗaya a asibitin Yamai ta ba ta shi.

Wai marasa lafiya ne kwance bakin ruwa. Sa'in da ruwan ya motsa, wanda ya riga shiga shi kaɗai ke warkewa. Akwai wani shanyayye da ya tsufa a wurin. Kafin ya ja jiki, wani ya riga shi.

Na ce, "To mi ya hana danginai su jefa shi?"

"Ke ɗiyar nan, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Suna nan mana. Kowa na jiran wani ya ɗauka."

"Ya warke?"

"An sallami matar daga asibiti kafin ta kai nan. Tashi ki kwanta."

A kolej wani malaminmu ɗan Benin ya gaya mini wurin yana Kudus, sunan kuma Aramiyanci ne, harshen Annabi Isa, alaihissalam. Bet gida, hesda jinƙai: gidan jinƙai. Ya ce mutumin ya warke. Na kawo wa Kaka labarin da gudu. Ta taɓe baki ta ce, "Sauran fa?" Na ji haushinta ranar.

Bana ɓarin jikin Kaka ya shanye. Kawuna na Yamai ya ce a jira ya zo, na Baleyara ya ce a jira a gama girbi. Ni ke juya ta a tabarma, ina kallon bayanta na zama gyambo. Ma'anar sunan da na sani ba ta ɗaga ko yatsanta ba. Jiya ta yi ta ƙoƙarin kiran sunana, harshen ya ƙi.

Ban sani ba ko likita na da abin da zai yi mata. Wataƙila babu. Amma na ari amalanken maƙwabcinmu da jakinsa, gobe da safe zan kai ta asibiti. Kawunnan sa ji daga baya.