Fitilun Biki a Gaban Motarmu

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi ina gyaran rediyo a Gidan Rumji, ranar da na kashe motar yayana a tsakiyar hanya na zare makulli tana nan daram a raina.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, da ita gidanmu duka yake ci. Sau ɗaya injinta ya taɓa ƙonewa, kuma an gaya mana in ya sake, sai dai a sayar da ita ƙarfe. Mai duba ta kawunmu ne, makaniken da ake ji da shi a garin. Shi da kunne yake aiki. Zai murɗa karbireta, wato abin da ke haɗa mai da iska, yana saurare, ya tara tafin hannu a bututun hayaƙi, ya shinshina, ya ce ta yi. Direbobi kuwa kullum roƙonsu ɗaya: a rage wa mota shan mai. Ni na karanta cewa in mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, injin zafi yake ɗauka har ya cinye kansa, kuma ban yarda hancin kowa zai iya auna wannan ba.

Sai na haɗa ma'auni da hannuna. Na samo na'urar da ke jin iskar hayaƙi daga wata matacciyar mota a Maraɗi, mai walda ya huda bututu ya ɗaura ta. Na jera ƙananan fitilu goma a cikin kwalin tsohuwar rediyo, na kafa a gaban direba. Kore na nufin daidai, ja na nufin mai ya yi kaɗan.

Ranar gwaji garejin Kawu ya cika. Aka tayar da mota, ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Ashe na'urar sai ta yi zafi take aiki, ni kuma na manta. Kawu ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, mi na wanga? Hitilun biki ka sa ma mota? Koma ga rediyonka, mu munka san inji."

Wallahi na ji kunya, amma haushi ya fi yawa. Yayana ya ce in cire, na ce sai dai a cire hannuna tare da shi.

Ranar kasuwar Cadawa muka yi lodin aya, na bi shi. Har muka wuce Maraɗi kore ne. Can sai fitilar ta gangara ja, ta tsaya. Na ce ya tsaya. Ya ce injin lafiya lau yake, Kawu da kansa ya saurare shi jiya. Na sake faɗa, ya ƙara wuta. Da ya sassauta don wani rami, na miƙa hannu na kashe, na jefa makulli a aljihu.

"Kai, ka haukace? Kasuwa za ta watse!"

"Yaya, ta watse. Yau ko duka za ka yi, motar ga ba ta tahiya."

Ban taɓa yi masa magana haka ba, kuma na san in abin nan ƙarya yake yi, na gama yawo a gidan. Na kwance fulogi ɗaya: fari fat kamar alli, alamar zafi ya wuce kima. Na bi tiyo-tiyo da yatsa har na samu wani siriri a ƙarƙashin karbireta ya tsage. In injin ya huce tsagar a rufe take, shi ya sa kunnen Kawu bai ji ba. In ya ɗau zafi sai ta buɗe tana zuƙar iska. Muka naɗe ta da robar taya, muka tayar, fitila ta koma kore. Har muka isa Cadawa idon yayana bai bar kwalin nan ba.

Kawu bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban je neman haka ba. Bayan sati biyu wani direban Gangara ya tsaya ƙofar shagona ya ce tsohon nan mai gareji, wato Kawu, shi ya aiko shi, wai a sa masa fitilun biki.

Abin da na koya ke nan: girmama babba dabam, miƙa masa idonka dabam. In ka auna abu da kanka ka ga ja, to ja ne, ko garin duka yana dariya.