Yadda Baba Silvanus Ya Bi Matarsa Kachia

Baba Silvanus bai taɓa ƙaura ba. A gidan da aka yanke masa cibiya, a wani ƙauye tsakanin Kafanchan da Zonkwa, nan ya yi furfura. Gwamnati ce dai ke ta yawo da shi yana zaune: yau a ce masa ɗan Jihar Arewa, gobe Arewa ta Tsakiya, jibi Kaduna. Duk bai dame shi ba, tunda acca ba ta fasa tsirowa. Aikinsa noma, ran Lahadi kuma shi ke buga guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa da ikilisiya ta rataye a mangwaro a matsayin ƙararrawa.

Matarsa Paulina ta rasu, aka binne ta a bayan gida kamar yadda ake yi a wurinsu. Kullum da safe sai ya ɗauki kujerarsa ya je ya ba ta labari: wa ya haihu, akuyar wa ta shiga rogo. Har gardama yake yi da ita, kuma a cewarsa har yanzu ita ke ci.

A 1976 aka rushe en'e aka kawo ƙananan hukumomi. Ya dawo daga gona ya tarar 'yan safiyo, masu awon ƙasa, sun kafa turken siminti na iyaka tsakanin ɗakinsa da kabarin. Surukarsa Asibi, matar ɗansa, ta ce, "Baba, wai daga nan zuwa can Kachia ne. Mu kuma Jema'a."

Fartanya ta faɗi daga kafaɗarsa. Ya dubi turken, ya dubi kabarin, bakinsa a buɗe har ƙuda ya leƙa ya fasa shiga.

"Mamanku fa?"

"Mama tana Kachia."

"Wa ya ba ta izini?"

Abin da ya razana shi ba wasa ba ne. Ya ga ƙidaya, ya ga allurar agana, ya san yadda hukuma ke tara jama'a: kowace gunduma da layinta, wanda ya shiga na wasu a kore shi. To, ranar tashin matattu fa, da taron ya fi kowane taro? Bai ko wanke ƙafa ba ya nufi gidan Katikis Rufus, mai koyar da su Littafi.

"Malam, ran da za a busa ƙaho, ta ina za a fara kira? Jema'a ko Kachia?"

Katikis ya yi dariya, sai ya ga tsohon ba dariya ya zo yi ba. "Baba, Ubangiji ba ruwansa da lokal gwamman."

"Haka kuka ce da ƙidaya, wai kowa ɗaya ne. Ni aka fitar daga layin Kagoro. Paulina ba ta iya cunkoso ba, Malam. In ba na kusa, a baya za a bar ta."

Cire turken gwamnati laifi ne, shi kuma bai taɓa kwana a ofishin 'yan doka ba. Saboda haka ya kira gayya. Mutane suka zo da tsammanin noma, suka tarar ana kwaɓa ƙasa. Ɗaki ya gina, dab da kabarin, a ɓangaren Kachia. Ƙauye ya riƙe baki: dattijon da ko Kaduna bai taɓa zuwa ba ya bar ƙasarsa da tsufa. Asibi takan ɗauki tuwo ta ce, "Bari in kai wa baƙon Kachia," ta taka kaɗan ta iso.

Bayan damina 'yan safiyo suka dawo, wai za a gyara iyakar. Ya fito ya tsaya musu.

"Yarana, ba faɗa na zo ba. Ku sa ta duk inda kuka ga dama, amma ku gaya mini tukuna in naɗe tabarmata."

Babbansu ya dubi kabarin, ya dubi sabon ɗakin, ya ce wa yaransa su bar turken inda yake.

Da Baba Silvanus ya rasu, a gefenta aka sa shi. Jema'a ta yi makoki, Kachia ta yi jana'iza, duk a tsakar gida ɗaya.