Bawul ɗin da Bai Zauna Ba

Ni da shi a hannun maigida ɗaya muka koyi kanikanci a Bebeji. Da muka samu 'yanci, ni na tsaya a kwance inji da ɗaurawa, shi kuwa ya sayi injin sassaƙar ƙarfe ya buɗe rumfa a tsallaken titi. Duk aikin sassaƙa wajensa nake kaiwa.

Wata shekara da kaka, wani Alhaji manomi daga Ƙofa ya kawo tsohuwar akori-kurarsa tana tari. Na kwance, na ga bawul sun cinye, wato ƙarafunan da ke buɗe wa mai hanya su rufe. Na kai wa mai sassaƙar nan kan injin ya gyara mazauninsu, ya dawo da shi, na ɗaura. Motar ta ɗauki masara, ta wuce Tudun Wada, ta mutu kafin Doguwa. Ruwan ƙarshen damina ya jiƙa buhunan.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar da mai sassaƙar ya yi a wajen mai shayi, a gaban direbobi. Wai tun muna koyo ban iya saita bawul ba, maigida ne ke rufa mini asiri. Kafin wata ya ƙare garejina ya zama wurin kwanan awaki.

Na je har gida na durƙusa wa Alhaji. "Alhaji, a ba ni injin nan in sake dubawa. In laifina ne, zan faɗa da bakina a masallaci."

Ya ce, "Je ka ɗauka."

Na auna saitina, yana nan daidai. Sai na shafa wa bakin bawul shuni, na juya shi a mazauninsa. Gefe ɗaya kaɗai ya kama. A karkace mai sassaƙar ya sassaƙe wurin, wuta ta riƙa bi ta kafar har ta cinye ƙarfen.

Ban tsallaka na gaya masa ba. Na rufe kan injin da buhu, na jira ranar kasuwa, lokacin da tasha ke cika. Na kira shugaban makanikai da Alhaji, na sa aka kira mai sassaƙar, na ajiye ƙarfen a kan teburin mai shayin nan.

"Baba," na ce wa shugaban, "ka zuba kananzir a kan bawul ɗin da hannunka. In aikinsa mai kyau ne, ko ɗigo ba zai wuce ba."

Ya zuba. Kananzir ya zurara ya jiƙa teburin.

Mutumin ya matso ya rage murya. "Haba ɗan'uwa, da ka same ni a rumfa."

Na ce da ƙarfi, "A nan ka ɓata ni, ba a rumfa ba. Maimaita musu abin da maigida ya rufa."

Ya juya ya tafi. Direbobi suka yi ta dariya, ni kuma na tsaya ina kallonsa har ya tsallaka titi.

Daga baya ya zo gidana da yayansa neman sulhu. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su ruwa, na saurare su, ban ce na yafe ba. Aikin sassaƙa kuwa Kano na riƙa kaiwa, ina tsayar da mota a ƙofar rumfarsa in loda yana gani. Sauran makanikai suka bi sahuna. Bai kai wata damina ba ya sayar da injin ya koma Ƙiru, inda aka ce yana gyaran injin markaɗe.