Tankin Kashin Shanu a Gidan Haya

Shekarar da mahaifiyata, Inna, ta dawo wurina da zama, ina haya ne a Pantami, a gidan da muke raba tsakar gida da wasu iyalai. Mijina ya rasu, da suyar awara nake riƙe da 'ya'yana. Inna kuwa da tari ta zo. Tun tana yarinya a ruga take hura wutar itace, har tsufa ya same ta a bakin murhu. Likitan da ya duba hoton ƙirjinta ya ce huhunta ya gaji, in muna son ta samu sauƙi a raba ta da hayaƙi.

Na ce masa to, na fito ban san yadda zan yi ba. Murhuna a gindin tagar ɗakinta yake, kuma babu inda zan mayar da shi a cikin gidan. Ina da tukunyar gas, amma tun da gas ya yi tsada ta zama kujerar yara. Na koma gawayi, tarin bai ragu ba. Kullum da safe ina fifita wuta ina jin ta ta bango, tana tari har numfashinta ya ɗauke, sai in tsaya da mafici a hannu ina jiran ya dawo.

Yayana, wanda muke kira Hamma, shi ya zo da maganar. Yana kiwon 'yan shanun da suka rage mana a wani fili a Gabukka. Ya ce ya ga wani mai gidan kaji yana girki da iskar da ke fita daga kashi: a dama kashin shanu da ruwa, a zuba a tanki a rufe ruf, in ya ruɓe sai ya ba da gas. Da wani lokaci ne da dariya zan yi. Ranar ban yi ba. Na sayar da keken ɗinkina, muka sayi baƙin tankin roba, wani mai walda a Bolari ya huda shi ya sa fayif, ya haɗa tiyo zuwa wata robar cikin tayar babbar mota, inda gas ɗin zai taru.

Ba wanda ya faɗa mana irin ruwan da abin yake sha. Famfon layinmu ya daɗe bai kawo ba, daga masu baro muke saye. Hamma yakan turo kashin a buhu cikin keke napep, ni kuma in zauna da bokiti ina damawa da hannu, da ruwan da na rage daga na wankan yara. Ko na wanke hannu da sabulu, sai in ga masu sayen awara suna kallonsa.

Muka yi makonni robar tana kwance kamar fatar da aka shanya. Da ta fara kumbura na kunna ashana na kai bakin rishon da aka haɗa da ita, iskar ta kashe ta. Na ƙarar da kwalin ashana a haka. Mai walda ya ce iskar farko ba ta kamawa, sai a sake ta a jira ta biyu. Na buɗe tiyon da hannuna, na tsaya ina jin abin da na yi makonni ina jira yana fita a banza. Na shiga bayi na yi kuka, don kada Inna ta ji.

A wannan tsakanin ne matar ɗakin da ke kallon namu ta kai ƙara wurin mai gidan. Ban ga laifinta ba. Jaririnta yana gudawa, ƙudaje kuma sun cika tsakar gida. Mai gidan, wani dattijon ɗan kasuwa, ya zo ya zagaya tankin yana toshe hanci da bakin rawani, ya ce in ɗauke shi kafin wata ya ƙare. Na durƙusa a gabansa, na gaya masa halin da Inna take ciki. Ya ƙara mini har bayan Sallah.

Sai kuma mai filin da Hamma yake ɗaure shanu ya zo zai yi gini. Dole Hamma ya kora su can nesa da gari, inda keke ba ya zuwa. Tankin kuwa kamar dabba yake, kullum sai an ba shi. Na fara zuwa mayanka da safe ina roƙon abin cikin tumbi da mahauta suke zubarwa. A can ma akwai masu tara wa manoma taki, da buhunansu da ƙarfinsu. Wata rana in samu bokiti cike, wata rana rabi, wata rana in dawo da jini a zani kawai.

Ran da wutar ta kama, da hantsi ne. Shuɗiya ce, 'yar ƙarama, sai ka sunkuya kake ganinta. Na riƙo Inna na fito da ita ta zauna a tabarma. Ta daɗe tana kallo, ta miƙa tafinta ta ji zafin, sannan ta ce, “Wannan ba hayaƙi ba ƙara, ta ina mutum zai san ta mutu?”

Na dama mata kunu a kai, ta sha ba ta yi tari ba. Amma iyakarta ke nan. Takan isa kunu da ruwan zafi, in na ɗora kaskon mai sai ta yi ta raguwa har ta ɗauke kafin man ya yi zafi. Mai walda ya ce sai tanki babba da kashi mai yawa. Na fitar da murhun awara ƙofar gida, ina suya a rana, in hadari ya taso in kwashe da gudu.

Bayan Sallah dattijon ya dawo. Na kunna masa wutar ya gani, na nuna masa yadda na rufe bokitan da murfi. Ya jinjina kai ya ce, “'Yata, na ga ƙoƙarinki, Allah ya saka miki. Amma mutanen nan ma haya suke biya, kuma sun ce ko ke ko su.”

Tanki cike ba ya ɗaguwa. Sai da muka kwashe shi kaf, ni da Hamma, bokiti bayan bokiti, wani manomi ya zo da amalanke ya ɗauki ruwan takin yana ta godiya. A satin ne numfashin Inna ya tsananta, aka ba ta gado a asibiti.

Na shiga neman gida tsakanin asibiti da suya. Duk inda na je, tsakar gida nake fara dubawa kafin ɗaki, da nisan wurin zuwa mayanka. Dillalin da ke yawo da ni ya ce in yi shiru da maganar tanki sai na tare. Na ce ba zan iya a sake sa ni kwashe shi ba, gara a sani tun farko. Masu gidajen sukan saurare ni da kyau, wasu har su tambayi yadda ake haɗawa, sannan su ce za su neme ni. Na bar wa kowannensu lambata.