Fuskar Mairo a Farin Ƙyalle

Cindo mutumin Gungun Maje ne, tsibirin da yanzu kifi kaɗai ya san hanyarsa. Yatsa shida gare shi a hannun dama, dangi kuma sun haɗu a kan cewa an ƙara masa na shidan ne don nuna abin da bai shafe shi ba. Manomin albasa ne da rani, masunci da damina, matsoraci duk shekara.

Ana saura shekara biyu a toshe ruwa a Kainji, wasu baƙi suka sauka a tsibirin da wani akwati mai ƙafa uku. Cindo ya ɗauka masu lambar rigakafi ne, ya faɗa rumbu ya ja murfi, bai fito ba sai da gero ya kusa tsirowa a kunnensa. Matarsa Mairo kuwa tana hawowa daga kogi da tulu a ka, ta wuce ta gaban akwatin abinta. Daminar nan zazzaɓi ya ɗauke ta. Aka binne ta a gindin tsamiya. Shekara na zagayowa aka kwashe mutane zuwa ɗakunan siminti kusa da Warra, ruwa ya hau har kan tsamiyar ya rufe.

Ba kabari, ba hoto. Abin da ya fi cin Cindo shi ne fuskarta da ta fara ɓace masa. Muryarta na nan, tafiyarta na nan, amma in ya rufe ido ya nemi fuskar sai ya ga ruwa. Ya tambayi mata uku yadda hancinta yake, ya samu hanci uku.

Rani na biyu a sabon gari motar majigi ta zo. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta, lasifika na ta yabon lantarkin da ba wanda ya taɓa gani a garin. Sai ga Gungun Maje, da rumbunansa da shanyar albasa. Sai ga wata mace da tulu, ta ba da baya, ta waiwayo, ta yi dariya, ta rufe baki da hannu. Numfashi uku, aka wuce zuwa hoton manyan injuna.

Cindo ya miƙe da yatsan nan na shida a sama. Na baya suka ce ya tare musu kallo, ya koma ƙasa, ya zauna, bai sake ganin komai ba har aka naɗe ƙyallen.

Daga ranar ya zama jelar motar. Ya bi ta Yelwa, ya bi ta Birnin Yauri, ya bi ta ƙauyukan da ko jaki sai an lallashe shi yake zuwa. Albasarsa ta bushe a fadama. Basiru, mai tuƙa injin majigin, ya raɗa masa suna Mijin Mai Tulu, yakan keɓe masa wuri a gaba. Sai dai zaren fim ɗin ya tsufa. Duk inda ya tsinke, Basiru kan datse gefe biyu da almakashi ya manne da gam, Cindo kuma ya lura numfashi ukun nan sun koma biyu.

A Shanga ya zo wa Basiru da bandar giwan ruwa sukutum, ya roƙe shi ya tsayar da injin daidai inda take waiwayowa. Basiru ya ce ba a yi, fitilar ciki wuta ce, gudun da zaren ke yi ne ke hana ta cin sa.

"Malam Basiru, ba ka bari in dube ta ko sau guda? Kullum kamin in gane ta, ta wuce."

"Ƙiftawar ido kawai, Cindo. In ta lalace, kai ka ja."

Aka zo wurin, Basiru ya danne injin. Mairo ta tsaya cak, fuskarta ta cika ƙyallen, da wushiryarta da ɗan tabon da ke haɓarta, wanda Cindo ya manta sarai. Ya ɗaga hannu ya ce a ƙara kaɗan. Sai wani ɗigo ja ya fito a kuncinta, ya buɗe kamar baki, ya cinye ido, ya cinye dariyar, ƙyallen ya koma fari fat. Basiru ya fizgi zaren a gigice, haƙoran injin suka tauna kamu guda.

Ya datse, ya manne, aka ci gaba don jama'a na jira. Washegari a gari na gaba aka ga mace da tulu ta ba da baya, sai injuna.

Cindo ya tsinci guntun da aka yar. In ya ɗaga shi a rana, ba abin da ake gani sai gefen tulu da gwiwar hannu. Da ya ga zufar yatsunsa na goge wannan ɗin ma, ya kai wa baduku a kasuwar Yelwa ya ɗinke masa shi cikin fata kamar laya. Ya rataya a wuya shekara goma sha tara. Majigi ya sake zuwa Warra sau da yawa, Cindo yakan shiga ɗaki ya ja ƙyaure tun kafin a tayar da inji. Dangin da ke tsokanarsa da zancen rumbu har ya tsufa, ba wanda ya taɓa tsokanarsa da wannan.