Karas a Cikin Takalmi

Ko zan manta komai na zamana a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ban da safiyar nan ta farkon Disamba, a shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar. Ina haya a unguwar Dengfeng tare da wata Hajiya 'yar Maraɗi, mu biyu muna saro mayafai. Ƙofarmu na kallon ta wasu 'yan Holan, miji yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ga matarsa da 'yarsu mai shekara biyar.

Bayan asuba Hajiya ta buɗe ƙofa, sai na ji ta ja salati. Wani ɗan jan takalmi ne ƙwaya ɗaya a gefen ƙofarmu, an cusa masa karas da ciyawa.

"'Yar'uwa, an yi mana aiki," in ji ta. "So ake kasuwarmu ta mutu."

Na ce wa zai biyo mu da asiri har Sin? Ina, Hajiya in ta kafe ta kafe. Da tsinken tsintsiya ta ɗauke shi, ta kai bola.

Hantsi bai yi ba muka ji kuka. Muka tarar da yarinyar zaune a dandamali, uwar na lallashi. Da Turanci uwar ta yi mana bayani a hankali: a ƙasarsu, lokacin sanyi, yara kan ajiye takalmi kusa da murhu, su sa karas don farin dokin wani tsoho mai raba kyauta, da safe su tarar da alawa a ciki. Gidan nan ba murhu, shi ne yarinyar ta ajiye nata a waje. Tun da suka zo take fargabar tsohon bai san hanyar Sin ba. Ga shi yau ba alawa, ba takalmi, ta ce an manta da ita.

Wallahi tausayi ya kama ni. Na juya, babu Hajiya. Ashe ta sauka da gudu, mace mai ciwon gwiwa. Mai shara ta ce mata "meyo", wato babu, amma ta tona kurar sharar har ta samo shi. Muka wanke, muka cika shi da dabino da tuwon madarar da na zo da shi daga Kano. Karas ɗin ma Hajiya ta wanke ta gatsa, wai cizon doki. Na ce dokin nan da giɓi yake, ta harare ni. Muka ajiye a kan matakala, uwar ta turo yarinyar ta duba.

Yarinyar ta daɗe tana juya dabinon, sannan ta yi wata magana da yarensu. Uwar ta fassara tana share hawaye: "Wai shi ya sa tsohon ya makara, ta ƙasarku ya biyo."

Muka bar ta a kan haka. Tun ranar, in na ga abin da ban gane ba a ƙasar mutane, sai na tambaya kafin in tsorata, don wataƙila wani yaro ne ke jiran a tuna da shi.